Tafiyar Inna Wankan Jego a Jirgin Sama

Ni ne ɗan farin Inna, saboda haka ban tashi a ɗakinta ba. Ana yaye ni kakata ta wajen uba ta ɗauke ni zuwa Gaya. A can na yi wayo, na yi karatun allo, na koyi ɗinki, har na kai ga ajiye kekena a bakin kasuwa. Inna da Baba suna Balan, babu nisa, ina zuwa duk sanda na ga dama, amma zuwan ba ya wuce gaisuwa. In na durƙusa a ƙofar ɗakinta sai ta kawar da kai ta amsa a gajarce, kamar mai amsa wa baƙo. Ba ta taɓa kama sunana ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙanwata, "Je ki ce wa wancan ya zo." Ba ƙi ba ne, kunyar ɗan fari ce, kuma a zamaninmu ba wanda yake ganin wani abu a ciki. Na san ita take aiko mini da ƙuli-ƙuli da man shanu, ko da yake ɗan aiken kullum cewa yake yi maƙwabciya ce ta bayar.

Ƙanwata kuwa a cinyar Inna ta girma. Ta auri wani mutumin Ajingi, ɗan gidan Barebari irin namu, waɗanda kakanninsu suka zo daga Barno tun da daɗewa suka zauna. Fataucin kanwa da bandar kifi yake yi. Da harka ta buɗe masa sai ya kama gida a Fot Lami, garin da yanzu ake kira Injamena, ya ɗauki matarsa suka koma can. A lokacin Turawa ba su tafi ba, mu muna hannun Ingila, su can suna hannun Faransa.

Da ta sami ciki aka yi shawara za a dawo da ita gida kafin ruwa ya sauka, domin haihuwar fari a gaban uwa ake yin ta, a yi wa mai jego wanka har ta yi arba'in. To a shekarar ruwa ya yi sammako. Hanyar da ke gaba da Maiduguri baƙar laka ce, in damina ta kankama mota ba ta bi sai kaka. Ga shi ƙafafunta sun kumbura, likitan can ya ce kada ta yi doguwar tafiya ko ta wace hanya.

Wata ranar kasuwa ina kan keke sai ga abokin cinikin mijinta daga Kano, wani dattijo mai fara'a da ke zaune a Fagge. Ya ce in rufe rumfa mu je Balan. A zauren Baba ya warware saƙon: surukin Baba ya ce tunda 'yar ba za ta iya zuwa wurin uwa ba, yana roƙon a ba shi aron uwar. Ya riga ya biya wa mutum biyu jirgin sama daga Kano, Inna da wanda zai raka ta.

Baba ya murza gemu. Can ya ce, "Ni dai kun ga gero yana jiran maimai. Ko ma ba ya jira, gaskiya ba zan shiga abin nan ba." Ya dube ni. "Kai za ka kai ta."

Inna tana bayan zana tana jin komai. Ba ta tambayi yadda jirgi yake ba, ba ta tambayi nisan garin ba. Abin da muka ji daga bayan zanar shi ne, "Ita yarinyar ce ta ce in zo?"

Dattijon ya ce, "Ita ce, kullum maganarta kenan."

"To. A can akwai kanwa?"

Dattijon ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce, "Ai kanwar da kuke sha a nan daga wajensu take zuwa." Duk da haka Inna ta ƙulle tata, ta ce ba ta san hannun da ya taɓa tasu ba.

Aka shiga shiri. Ta daka yajin jego da citta da kanumfari da masoro da kimba, gidan ya ɗauki atishawa. Ta surfa gero ta shanya. Ta haɗa daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa. Ta sa aka karyo ganyen runhu da na tsamiya aka ɗaure dami guda. Sannan ta fito da babbar tukunyar ƙasa wadda aka dafa mata ruwan wanka sanda ta haife ni, aka kuma dafa sanda ta haifi ƙanwata. Mutum biyu ke ɗaga ta. Na ce wa Baba a hankali ina jin ba za a yarda da ita ba. Ya ce, "Je ka gaya mata da kanka." Ban je ba.

Muka hau jakuna muka je Ajingi sallamar surukai. Uwar mijin ƙanwata tsohuwa ce, idonta ya yi rauni. Ta lalubo hannun Inna ta riƙe ta daɗe tana addu'a, ta ba da zanen goyo na saƙi da ta ajiye tun bikin ɗanta, sannan ta sa aka kamo zabi biyu aka ɗaure musu ƙafa, wai a yi wa mai jego farfesu. Kafin mu fito ƙofar gidan ta cika. Kusan kowa yana da wani nasa da ya bi hanyar gabas a ƙafa da niyyar Makka bai dawo ba. Wannan ya ce in na ga wansa in gaishe shi, yana da tsage a kumatu. Waccan ta ce ƙaninta dogo ne, yana ɗan ɗingishi. Na yi ta cewa to, domin ni ma a lokacin ina zaton Fot Lami ba ta wuce Gaya girma ba.

Muka shiga lori zuwa Kano, Inna a gaba kusa da direba, ni a baya rungume da tukunya, zabi suna kuka a tsakanin ƙafafuna. Muka sauka gidan dattijon a Fagge. 'Yan kwanakin da muka yi can duk a yawon takardu suka ƙare. Aka yi mana allura, aka ɗauke mu hoto. Mai hoton ya cusa kansa cikin baƙin ƙyalle ya ce Inna ta dubi gilashi. Ta ce ba za ta zura wa namijin da ba ta sani ba ido. Da ƙyar matar dattijon ta lallashe ta, ta ce ai shi ma ya rufe fuskarsa.

Ranar tafiya muka isa filin jirgi da hantsi. Na sha ganin jirgi yana wucewa ta saman gonakinmu ya nufi gabas, ƙarami kamar shirwa, amma ban taɓa tsayawa kusa da shi ba. Yana tsaye a kan ƙafafu, hancinsa a sama, jelarsa a ƙasa, farfela ɗaya a kowane fiffike. Na saci kallon Inna, na ga ita ko kallonsa ba ta yi, kayanta take ƙirgawa da ido.

A cikin wani ɗaki mai faɗi akwai sikeli, da wani akawu Bahaushe sanye da farar riga da gajeren wando. Ya dubi kayanmu, ya dubi dattijon, ya ce, "Alhaji, ƙaura za su yi?" Ya fara da zabi, ya ce mai rai ba ya shiga. Ya zo kan tukunya, ya zagaya ta, ya ƙwanƙwasa, ya ce ko an yarda da nauyinta ƙofar ba za ta ci ta ba.

Inna ta ce wa dattijon, don ba za ta yi wa akawun magana kai tsaye ba, "Ka tambaye shi, shi da aka haife shi a me aka dafa wa uwarsa ruwa?"

Akawun ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ya ce, "Inna, wallahi a irinta ne. In da ta ni ce, a kaina zan ɗaukar miki ita. Amma ba hali."

Inna ta shafa bakin tukunyar, sannan ta ce wa dattijon ya kai ta gidansa a kife ta a ɗaki, kada yara su hau, kada a dafa komai a ciki. Zabin kuma ta ce a ba matarsa. Ganye da yaji da sauran ƙulle-ƙulle akawun ya auna ya wuce da su, har da rabin geron.

Sai kuma ya ce ta hau sikelin ita ma. A lokacin har mutane ake aunawa.

"Ni gyaɗa ce?" in ji Inna.

Duk wanda ke ɗakin ya yi dariya, har wani Bature da ba na jin ya fahimci abin da ta faɗa. Na hau na sauka don ta gani. Ta tattare zanenta ta hau, ta tsaya ƙiƙam tana kallon bango kamar an yi mata laifi. Da ta sauka ta ce wa dattijon, "Nawa ya ce na yi?" Aka gaya mata. Ta ce, "Ƙarya ne, bai iya awo ba."

Cikin jirgin kamar mutum yana hawa tudu, saboda yadda gabansa ya ɗaga. Kujeru bibbiyu ne. Akwai Turawa, da Kwarori, wato 'yan kasuwar Labanan, da wasu Larabawa, sai mu. Wata Baturiya mai hidima ta nuna mana wurinmu, Inna a jikin taga, ni a gefenta. Tun da na yi wayo ban taɓa zama kusa da ita haka ba, kafaɗata tana gogar tata. Ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta da ke wajena. Baturiyar ta ɗaura mana wata ɗamara a ƙugu, ta ba mu auduga mu toshe kunne, da alewa. Inna ta ƙulle alewar a bakin zane, audugar kuma ta mulmula ta tsakanin yatsu ta ce a hankali, ba da ni ba, "Ba a gurje ta da kyau ba."

Da aka tashi injin, duk jirgin ya ɗauki rawa. Zafi ya ishe mu, gumi yana bin bayana. Jirgin ya yi ta gudu a ƙasa, sai kawai na ji ƙarar ƙafafun ta ɗauke. Na leƙa ta saman kan Inna na ga ganuwar Kano da Dala da dalar gyaɗa suna komawa ƙasa. Ita ta runtse ido, leɓenta yana motsi.

Da abin ya lafa na ce, "Inna, buɗe ido ki gani."

Ta ɗan jima kafin ta buɗe. Ƙasa ta yi shar, gonaki kamar an shimfiɗa tabarmi, fadamu suna walƙiya. Can ga kogi ya miƙe, na gane na Wudil ne saboda gadar da muka haye. Na ce mata ai gida muka nufa, Gaya tana nan gaba kaɗan ta hannun dama, Ajingi ta hagu. Ta manna goshi a gilashi. Garuruwan duk iri ɗaya ne daga sama, rufin ciyawa da kukoki, ban iya cewa ga namu ba. Ita kuwa ta nuna wani ƙauye da yatsa ta ce Balan ce, ga ma gonar Baba can ba a gama maimai ba. Ban musa mata ba.

Sai ta ce, har yanzu fuskarta a taga, "Yanzu duk wahalar da muka sha zuwa Kano, ashe ta ƙofar gida za a biyo? Me ya hana su tsaya su ɗauke mu a nan?"

Wannan ce doguwar magana ta farko da ta taɓa yi mini ba ta bakin wani ba.

Sanyi ya fara shigowa, na cire babbar rigata na lulluɓa mata a ƙafa, ba ta hana ba. Aka kawo burodi da wani abu a faranti, ta ce ba ta san wanda ya yanka ba, ta kwance dakuwa ta gutsura, ta ajiye sauran a kan gwiwata ba tare da ta dube ni ba. Da azahar ta yi ta damu da inda alƙibla take. Wani dattijon Balarabe da ke kujerar gefe, mai jin Hausa kaɗan-kaɗan, ya nuna gaba ya ce ai gabas muke tafiya, ta yi sallarta a zaune. Wannan ya kwantar mata da hankali ƙwarai. Ta ce ashe matuƙin ya san abin da yake yi.

Mun wuce rabin tafiya sai hadari ya tare mu. Taga ta yi duhu, ruwa ya riƙa dukan gilashi. Jirgin ya faɗa ƙasa kamar an saki guga a rijiya, ya sake tashi, ya sake faɗawa. Faranti suka zube, wata Baturiya ta yi ƙara, Balaraben nan ya ɗaga murya yana salati. A faɗawa ta uku na ji an damƙe mini hannu. Inna ce. Ta riƙe ni da hannu biyu, ta juyo gaba ɗaya ta dube ni, ta kira sunana. Sunan yanka, cikakke, yadda liman ya raɗa shi. Ta ce, "Kana nan?"

Na ce, "Ina nan, Inna."

"Kada ka sake ni."

"Ba zan sake ki ba."

Ni ma tsoron nake ji, amma ya koma gefe. Hannuwanta na kalla, duk sun yi kanta saboda taɓarya, ƙanana fiye da yadda nake zato. Ina da mata a lokacin, ina da gemu, amma sai da na kawar da kai na goge ido da hula. Muka fita daga hadarin, rana ta dawo, ba ta saki hannun ba sai da ƙafafun jirgin suka taɓa ƙasa. Sannan ta zare hannunta, ta gyara mayafi, ta ce, "A duba mini ganyena."

Fot Lami tana bakin wani ƙaton kogi, ruwan damina ya cika shi har ya malala. Sojan da ya karɓi takardunmu Faransanci yake yi, wani tafinta yana juya mana. Mijin ƙanwata yana jira a waje. Yana hango Inna ya cire takalmi ya durƙusa a ƙasa, ita kuma ta rufe fuska, suka gaisa kowa yana kallon wani wuri.

Ƙanwata tana zaune a tsakar gida a kan tabarma, ta yi nauyi, fuskarta ta kumbura. Tana ganin Inna ta fashe da kuka, ta kasa tashi. Inna ta tsaya a kanta ta ce, "Kukan me? Dubi kanki, yaushe rabonki da kitso?" Ta zauna a bayanta tun ba ta sha ruwa ba ta fara tsefe mata kai. Ƙanwata tana kuka tana dariya, ta ce, "Yaya, da gaske ta shiga jirgin?" Na ce ta shiga, har ta gyara wa masu shi awo.

Ba a yi mako ba ta sauka lafiya, aka sami mace. Maganar tukunya kuwa wata maƙwabciya ce ta warware ta, wata Bashuwa doguwa mai yawan dariya, ta kawo rabin duro aka ɗora a murhu. Ba ta jin Hausa, Inna ba ta jin Larabci, amma suka tarar kowace tana da ɗan Barbarcin da ta tsinta a bakin kakarta, da shi suka yi ta lallaɓawa. Inna ta ce ruwan duro ba ya riƙe zafi kamar na tukunya, amma ta yi da shi. Safe da yamma ina zaune a zaure ina jin ƙarar ganye a jikin mai jego, ƙanwata tana cewa, "Inna, da zafi!" Inna tana cewa, "Da sanyi na zo yi miki?" Ƙamshin runhu da kunun kanwa ya cika gidan, har na kan manta ba a Balan nake ba.

Na ari keke a wurin wani tela ɗan Zazzau a kasuwa na ɗinka wa jaririyar riguna. Na kuma yi cigiyar mutanen Ajingi gwargwadon iyawata. Hausawa a garin ba su ƙirguwa, masu tsage da masu ɗingishi duk na gani, amma mutum ɗaya kawai na dace da shi, wani mai sayar da goro da ya ce in gaya wa 'yar'uwarsa yana nan da rai, har yanzu niyyar Makka ba ta fita daga ransa ba. Ranar suna aka sa wa yarinyar sunan Inna. Da aka gaya mata ta ce, "Sun rasa suna ne?" Amma yinin ranar ba ta ba kowa goyon ba.

Bayan suna na yi shirin komawa, don na bar rumfa da iyali. Da safen da zan tafi ina ɗaure kaya a zaure sai na ji tafiyarta. Ta tsaya daga bakin ƙofa ta ciki, ta miƙo ƙullin dambun nama, fuskarta a gefe. Ta ce, "A gaida mutan gida. A ce wa Babanku ya riƙa cin abinci." Ta juya, sannan ta ƙara da cewa, "In an fara girgizar nan, a yi ta salati, tana wucewa."

A dawowa sama tas take, ko gajimare babu, amma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Kowace ƙara sai na ce injin ne ya tsaya. Wani Kwara ne a gefena yana barci da baki buɗe. Sai a sannan na gane a zuwa ban sami sukunin jin tsoro ba ne saboda ina da wadda nake kula da ita. Da muka sauka Kano sai na zauna a kan akwatina na daɗe kafin na nemi hanyar Fagge.

Inna ba ta dawo ba sai da kaka, bayan hanya ta bushe. Surukinta ya so ya sake biya mata jirgi, ta ce a'a, ta ga sama ta ishe ta, yanzu ƙasar da ta tsallake take son gani. Ta biyo lorin kanwa tare da wasu mata 'yan Kano, ta Maiduguri da Potiskum, na tare ta a tashar Gaya. Ta yi baƙi, ta rame, ta zo da buhun banda da turaren wuta da Bashuwar nan ta haɗa mata.

Da muka isa Balan na tarar Baba ya sake wa ɗakinta rufi da sabuwar ciyawa, ya yaɓe inda damina ta zaizaye. Yana zaune a ƙofar gida yana gyaran igiya. Ya ɗaga kai ya dube ta, ya ci gaba da abin da yake yi.

Ya ce, "Kin daɗe."

Ta ce, "Geron ya yi?"

Ya ce, "Ya yi. Shiga ki gani."

Ta wuce ciki, mata suka yi ta guɗa. Baba ya ajiye igiyar, ya ce in miƙo masa buhun bandar nan ya ga irin kifin da suke ci a can.